Bayan Ruwa Ya Janye: Tarihin Masu Share Gari a Ƙasar Bagudo da Bakin Iyakar Benin



Da aka nemi in yi lacca a kan tarihin ambaliya a Jihar Kebbi na amsa, amma da sharaɗi guda, watau ba zan tsaya a kan ranar da ruwa ya ci gari ba. Ranar nan kowa ya san ta. Rediyo yakan faɗa, jaridu sukan buga hotuna, manya sukan zo da jerin motoci su yi jaje, a raba shinkafa da tabarmi da barguna, a koma birni kafin magariba. Abin da nake so mu duba yau shi ne mako na biyu da na uku, sa'ad da hadari ya wuce, ruwa ya janye, aka bar mutane da laka har gwiwa, da mushen dabbobi a kan hanya, da rijiyar da ta haɗu da masai. A wannan lokaci wa ke zuwa? Wa ke ɗaukar shebur? Tun yaushe aka ɗora masa wannan aiki, kuma me ya sa har yau ake raina shi? Na zaɓi ƙasar Bagudo domin yin wannan bayani, saboda a can ne tambayar ta fi fitowa fili: kogi ɗaya ne, jama'a ɗaya ce, amma hukumomi biyu ne, kowace da tarihinta.

Ƙasar da ruwanta

Bagudo ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi 21 na Jihar Kebbi, tana cikin masarautar Gwandu, kuma ƙidayar 1991 da ta 2006 duk sun same ta cikin jihar da aka yanka daga Sakkwato ran 27 ga Agusta, 1991. A ƙidayar 2006 mutanenta sun kusa 238,000. Kogin Kwara, wanda Turawa ke kira Neja, ya ratsa ta ya raba ta biyu. Garin Bagudo yana wannan ƙetare, ba nisa da inda Gulbin Sakkwato yake zubawa cikin Kwara. Illo da Lolo da Ka'oje da Tsamiya kuwa suna wancan ƙetare, suna fuskantar Jamhuriyar Benin, inda ake samun Segbana da Malanville da Karimama. Mazauna ƙasar sun haɗa da Hausawa da Fulani da Dandawa da Zabarmawa da Kyangawa da Busawa, ga kuma Sarkawa masu sana'ar su.

Ruwa yana zo wa mutanen nan ta hanya uku, kuma ya kamata mu rarrabe su. Na farko shi ne hadarin farkon damina, wanda yakan taso daga gabas da iska mai ƙarfi, ya kware rufin kwano, ya tuge itatuwa, ya kayar da danga, ya wuce cikin awa guda. Na biyu shi ne cikar kogi ta tsakiyar damina, a watannin Agusta da Satumba, sa'ad da ruwan da aka yi a ƙasashen Zamfara da Sakkwato da arewacin Benin da yammacin Nijar yake tararrawa a lokaci guda. Shi ake kira farin ruwa, domin yana tafe da laka. Na uku shi ne baƙin ruwa, wanda asalinsa ruwan sama ne da aka yi a duwatsun ƙasar Gini, ya shiga fadamun ƙasar Mali ya yi watanni yana tafiyar hawainiya, lakarsa ta kwanta, sa'an nan ya iso nan a tsakiyar hunturu, alhali an daɗe da ɗauke ruwa. Baƙin ruwa aboki ne ga masunci da mai noman rani. Farin ruwa ne mai ɓarna, musamman idan ya haɗu da mamakon sama. To, mutumin da ke zaune a inda manyan ruwaye biyu suka gamu, ba sai an gaya masa cewa ruwa zai shigo gidansa wata rana ba. Abin da yake bukatar sani shi ne wanda zai taimake shi fitar da abin da ruwan ya bari.

Kafin zuwan Turawa

Kafin Turawa, babu wani mutum da sana'arsa ita ce share gari a kan albashi. Aikin yana kan kowa. Mace ta share tsakar gida, yara su share ƙofar gida, juji yana bayan gari, kuma juji ba abin ƙyama ba ne ƙwarai, domin da bazara jakai za su kwashe shi zuwa gona ya zama taki. Idan hadari ya yi ɓarna, mai unguwa yakan sa a yi shela, samari su fito gayya, a tayar da bangon da ya faɗi, a ɗora jinka, a yashe rijiya. Mai gida ba ya biyan kowa, iyaka ya kawo fura ko tuwo, tare da sanin cewa gobe shi ma za a kira shi. A bakin kogi kuwa, Sarkin Ruwa da mutanensa su ne masu jirage, su ke kwashe jama'a da dabbobi zuwa tudu, su ne kuma suka san inda gawa takan maƙale.

Malaman jihadi ba su bar wannan al'amari ga al'ada kaɗai ba. A cikin littafin Usulus Siyasa, wanda Muhammadu Bello ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya lasafta kula da hanyoyi da kasuwanni da gadoji cikin wajiban shugaba. Watau tun a wancan zamani an yarda cewa akwai aikin da ya fi ƙarfin gida ɗaya, wanda dole hukuma ta tsaya a kansa. Amma kada mu yi wa zamanin da ado fiye da yadda yake. A manyan gidaje bayi ne ke yin aikin ƙazanta, kuma raina mai kwasar shara ya samo wani ɓangare na tushensa daga nan. Gayya ma tana da iyaka. Tana aiki ne idan gida biyar suka faɗi, gida hamsin suna tsaye. Idan ruwa ya ci gari duka, kowa ta kansa yake yi, ba mai zuwa gayyar wani.

Illo tsohon gari ne, ɗaya daga cikin manyan garuruwan Bargu tare da Busa da Nikki, kuma fatake masu zuwa Gwanja neman goro sukan ƙetare Kwara a wajejensa su nufi Kandi da Jugu. A wancan lokaci wanda ruwa ya kora daga Illo, idan ya tafi wurin danginsa a yamma, bai ƙetare komai ba sai daji.

Layin da aka ja a Faris

A 1894 Kyaftin Lugard, a madadin kamfanin Ingila, ya yi tsere da Bafaranshe Decoeur zuwa Nikki, kowa yana so ya riga ɗan'uwansa ƙulla yarjejeniya. Rikicin bai ƙare ba sai ran 14 ga Yuni, 1898, da Ingila da Faransa suka sa hannu a wata takarda a birnin Faris suka raba Bargu biyu. Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa da Illo suka faɗa hannun Ingila. A farkon ƙarni na 20 kuma Turawan Ingila suka cire Illo daga Bargu suka haɗa ta da Gwandu a cikin Lardin Sakkwato. Daga nan ne tarihin tsabtar gari ya rabu gida biyu a bakin kogi guda.

A ɓangaren Ingila, tsabta ta shigo ne da tsoron sauro. A 1897 likita Ronald Ross ya tabbatar da cewa sauro ne ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, kuma abin da Turawan mulki suka fara yi da wannan ilmi shi ne kare kansu. Tsarin Lugard ya ce a bar fili na yadi 440 tsakanin barikin Turawa da mazaunin 'yan ƙasa, bisa zaton sauro ba zai iya ƙetare shi ba. A 1917 aka yi dokar garuruwa da dokar lafiyar jama'a. Sannu a hankali, da baitulmalin En'e ya kafu, sai aka fara ɗaukar ma'aikatan tsabta, aka kuma buɗe Makarantar Koyon Tsabta a Kano a 1932 domin horar da su. Wannan shi ne asalin mutumin da iyayenmu suka sani da sunan duba-gari.

Duk wanda ya tashi a zamanin En'e zai ba ku labarin duba-gari. Yana tafe da kakinsa, ya leƙa randa da tulu yana neman tsutsar sauro, ya duba masai, ya duba kwata da mahauta, ya duba rariya. Wanda aka kama da ƙazanta sai gaban alƙali, a ci shi tara. Da an ji yana unguwa, sai ka ga mata suna tuntsurar da ruwan randa. Haƙiƙa ya yi amfani, kuma tsofaffi da yawa suna kewarsa. Amma ina so ku lura da abubuwa biyu, domin su ne suka bi mu har yau.

Abu na farko, duba-gari mai bincike ne da hukunci, ba mai taimako ba ne. Jama'a sun san shi a matsayin ɗan'uwan ɗan doka. Ba a horar da shi a kan ya zo bayan hadari ya ce, sannunku, ina za mu fara ba. Abu na biyu kuwa, wanda ya fi muni, shi ne waɗanda aka sa su yi aikin da hannu. A manyan garuruwa fursunonin gidan yarin En'e ne ke share kasuwa da kwashe bokitin bayan gida, sai kuma leburori 'yan ƙwadago waɗanda albashinsu yake can ƙasan takarda. A ƙauyuka kuma dokar aikin tilas ta 1933 ta bar wa hakimai da dagatai ikon tara mutane su yi ƙananan ayyukan gari ba biya, har da shara da gyaran hanya. Ta haka aka ɗauki gayya, wadda mutum ke zuwa da son ransa domin maƙwabcinsa, aka mai da ita umurnin dagaci. Aka kuma cusa wa jama'a cewa tsintsiya da shebur kayan horo ne. Idan yau kun ga yaro yana jin kunyar ya ce ubansa leburan tsabta ne, to ku san ba daga sama abin ya faɗo ba.

A ɓangaren Faransa, a ƙasar da ake kira Dahomey kafin a sake mata suna Benin a 1975, labarin ya fi tsanani. Kwamanda yana da ikon ɗaure mutum ko cinsa tara ba tare da shari'a ba, kuma kowane baligi yana da kwanakin aikin tilas a shekara. Ba a soke wannan aikin tilas ba sai a watan Afrilu na 1946. Dattawan bakin iyaka sun san mutane da yawa da suka tsallako wannan gefe domin gudun aikin Faransa. Sunaye sun bambanta, kaki ya bambanta, amma darasin da talaka ya koya iri ɗaya ne a gefen nan biyu: idan hukuma ta ambaci tsabta, to tara ce ko wahala ke tafe.

Garin da ke nesa da hedkwata kamar Illo ko Ka'oje, rabonsa a wannan tsari kaɗan ne. Ma'aikacin tsabta yakan zauna ne inda hakimi yake da inda kasuwa take, sauran ƙauyukan fadama kuwa sai ran rangadi.

Kwalara, da gyaran 1976

Abin da ya nuna cewa wannan aiki na rai da mutuwa ne, ba na ado ba, shi ne zuwan kwalara. A watan Agusta na 1970 cutar ta ɓulla a Gini, ta bi Kogin Kwara tare da masunta da matafiya ta ratsa Mali da Nijar, kuma kafin ƙarshen shekarar ta shigo Nijeriya. A 1971 an lasafta mutum fiye da 22,000 da suka kamu a ƙasar nan, kusan 3,000 suka rasu. Tun daga lokacin ba ta fita ba. Hanyarta kuwa sananniya ce tun 1854, sa'ad da likita John Snow ya bi diddigin mace-macen wata unguwa a Landan har ya gano famfo guda ne kowa ke sha, ya sa aka cire hannun famfon. Bayan gidan mai cutar ne ke shiga ruwan sha. To, ku kwatanta wannan da garin fadama inda masai rami ne, rijiya kuma ba ta da murfi, ruwa ya hau kansu duka biyu ya kwana uku.

A 1976 gwamnatin soja ta yi gyaran ƙananan hukumomi, aka kawo ƙarshen En'e, aka yi tsari iri ɗaya ga ƙasa duka. Kwasar shara da kula da magudanan ruwa da masai na jama'a da kasuwanni da maƙabartu duk aka rubuta su cikin ayyukan ƙaramar hukuma, kuma haka suke har yau a Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulkin 1999. A takarda wannan ci gaba ne, domin leburan tsabta ya zama ma'aikacin gwamnati mai albashi da fansho, ba fursuna ba. Amma En'e tana tara harajinta da jangalinta da kanta, ƙaramar hukuma kuwa ta koma jiran kaso daga sama. Ikon duba-gari ya ragu, ba a kuwa maye gurbinsa da kayan aiki ba.

Sai aka zo zamanin Yaƙi da Rashin Ɗa'a, wanda gwamnatin Janar Buhari ta ƙaddamar a watan Maris na 1984. A watan Yuli na 1985 Janar Tunde Idiagbon ya buɗe babin tsabtar muhalli a Kano, aka sa kyautar Naira miliyan ɗaya ga babban birnin jihar da ya fi tsabta. Daga nan muka gaji sharar Asabar ɗin ƙarshen wata. Garuruwa sun yi fes na ɗan lokaci, ba a musu. Sai dai kyautar ta manyan birane ce, bulalar kuma ta kowa ce, watau an sake maimaita darasin zamanin Turawa. Ba a yi gasar ƙauyen da ya fi kare rijiyarsa ba.

Shekaru uku na ruwa

Yanzu bari mu zo ga abin da da yawa daga cikinku kuka gani da ido.

A watan Satumba na 2010 ruwa ya yi ɓarna mai yawa a kwarin Rima bayan cikar madatsar Goronyo, har ya yanke hanyar da ta haɗa Jami'ar Usmanu Danfodiyo da birnin Sakkwato, sa'an nan ya gangaro ta Argungu da Birnin Kebbi zuwa Kwara. A shekarar nan ce kuma Benin ta ga ambaliyar da ta shafi gundumomi 55 daga cikin 77 na ƙasar, da mutum wajen 680,000, Malanville da Karimama suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. A shekarar nan dai kwalara ta kashe mutum fiye da 1,500 a Nijeriya, galibinsu a Arewa. A 2012 Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1999, ta ce mutum 363 sun rasu a ambaliya, fiye da miliyan biyu sun bar gidajensu. Gwamnatin Shugaba Jonathan ta ware Naira biliyan 17.6, aka raba wa jihohi da hukumomin tarayya.

Amma ga mutanen Bagudo, 2020 ce shekarar da za a daɗe ana tunawa. A farkon Satumba ma'aunin kogi a Yamai ya kai wajen mita 7, abin da ba a taɓa gani ba tun da aka fara aunawa a 1929. Ruwan nan ba shi da wata hanya sai ta Gaya da Malanville da Lolo da Illo. Ya iso ya tarar da Gulbin Sakkwato shi ma a cike. Rahotannin lokacin sun ce gonakin shinkafa na hekta wajen 450,000 suka nutse a Jihar Kebbi, Bagudo tana cikin ƙananan hukumomin da suka fi jin jiki. Ku tuna cewa a Birnin Kebbi ne aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance a watan Nuwamba na 2015, saboda haka da yawa daga cikin shinkafar da ruwa ya ci ta bashi ce.

Akwai kuma wani abu da masu ba da labarin 2020 sukan manta. Tun watan Agusta na 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa na tudu, ba a fara buɗe wasu ba sai a watan Disamba na 2020. A watan Nuwamba na 2019 kuma aka hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga bakin iyaka, domin maganin fasa-ƙwauri. Ba ina nan ne domin in yanke hukunci a kan wannan manufa ba. Ina so kawai ku yi lissafi. Injin janye ruwa daga rijiya da fetur yake aiki. Jirgin ruwa mai inji da fetur yake tafiya. Babur ɗin ma'aikacin lafiya haka. Dangin da za su taimaka kuma wasunsu suna Segbana ko Malanville, su ma a cikin ruwa. Kogin bai nemi izinin kwastan ba, amma mai taimako sai da ya nema.

To, mene ne ainihin aikin da ake yi bayan ruwa ya janye? Ina so in yi bayaninsa dalla-dalla, domin ɗalibai da yawa suna tsammanin shara ce kawai.

Da fari sai an buɗe wa ruwa hanya. Kwalbati da lambatu sukan toshe da yashi da kara da leda, kuma muddin suna toshe, ruwan da ya rage zai kwanta a gindin bango. Ginin ƙasa ba ya faɗuwa ranar da ruwa ya zo kaɗai. Yakan jiƙa daga ƙasa, ya yi kwana da kwanaki, sa'an nan ya rufta da dare a kan mutanen da suka dawo suna murna. Saboda haka leburan da ya shiga kwalbati da shebur da manjagara yana ceton ɗakin da bai taɓa shiga ba. Bayan wannan sai mushe. Awaki da tumaki da kaji da ruwa ya kashe dole a haƙa rami nesa da rijiya a binne su, a kuma tsaya a kan mahauta kada naman ya biya ta kasuwa. Sai itatuwan da iska ta kayar a kan hanya, waɗanda in ba a sare su ba motar agaji ba za ta shigo ba. A cikin wannan aiki ne ake gamuwa da macizai, domin su ma tudu suke nema, da ƙusoshi da gefen kwano mai yanka ƙafa, kuma galibi mai aikin ba shi da takalmin roba ko safar hannu.

Mafi muhimmanci shi ne rijiya. Rijiyar da ambaliya ta hau, ko da ruwanta ya kwanta ya yi garau, ba ta shawuwa. Sai an kwashe ruwan, an yashe lakar, an gyara bakin, an zuba sinadarin kulorin daidai gwargwado, an bar shi ya kwana, an sake kwashewa. Wannan aiki ne na ma'aikacin lafiyar muhalli, watau jikan duba-gari, tare da masu haƙar rijiya na gari. Shi ne kuma zai nuna inda za a haƙa sabon masai, ya yi nisan aƙalla mita 30 daga rijiya, a gangare ba a tudu ba. A makarantun firamare da ake tsugunar da waɗanda ruwa ya kora, inda ɗaruruwan mutane ke kwana a azuzuwa, masai guda da ya cika ya isa ya kwantar da sansani duka. Kwalara tana iya kashe babban mutum cikin yini ɗaya. Sauro kuma kwana goma zuwa mako biyu ya ishe shi ya tashi daga ƙwai a cikin kududdufi. Wannan shi ya sa na ce mako na biyu da na uku ne abin dubawa.

A ƙauyukan fadama, gaskiyar magana ita ce har yanzu gayya ce ke ɗauke da mafi yawan wannan kaya: samarin gari, da 'yan agaji na ƙungiyoyin addini, da masu jirage. Ma'aikacin ƙaramar hukuma ba zai maye gurbinsu ba, kuma bai kamata ya nema ba. Abin da yake kawowa shi ne abin da gayya ba ta da shi, watau sanin adadin kulorin, da tifa, da baro, da ikon ce wa mai gida kada a sha wannan rijiya tukuna. Idan ya zo hannu rabbana, sai ya zama ɗan kallo mai kaki.

Maganar kuɗi

A nan ne nake so ma'aikatan da ke cikin zauren nan su saurara. Agaji yana da hukuma ta tarayya da ta jiha, yana da asusu, yana da hoto a jarida. Gyaran gari bayan agaji kuwa an bar shi ga ƙaramar hukuma, wadda ita ce mafi rauni a cikin matakan mulki uku. Ƙananan hukumomi 774 suna da kashi 20.6 cikin ɗari na asusun tarayya, amma sashe na 162 na Tsarin Mulki ya sa kuɗin yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, kuma shekara da shekaru ana kukan cewa abin da ke isa bai wuce na albashi ba. Ran 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Ko da an bi hukuncin sau da ƙafa, ba zai sayi shebur da kansa ba. Sai wani ma'aji ko daraktan ma'aikata ya zauna a watan Afrilu, kafin hadarin farko, ya rubuta kulorin da takalman roba da man tifa cikin kasafi, ya kuma ɗauki matasa a gurbin leburorin da suka yi ritaya. Ni a ganina buhun kulorin da aka ajiye a Illo kafin damina ya fi tirelar shinkafa da ta iso bayan an yi jana'iza.

A wancan gefe, Benin ta yi zaɓen gundumominta na farko a watan Disamba na 2002, aka ɗora wa magadan gari aikin tsabta da ruwan sha, kamar yadda aka ɗora wa shugabannin ƙananan hukumominmu. Ƙasashen biyu suna cikin Hukumar Kula da Kwarin Kogin Neja, wadda aka kafa a 1980, hedkwatarta a Yamai, kuma ta nan ake samun labarin tashin ruwa kwanaki kafin ya iso. Amma wannan magana ce tsakanin manyan birane. Tsakanin ma'aikacin lafiyar muhalli na Bagudo da takwaransa na Malanville ko Segbana, waɗanda jama'arsu ke cin kasuwa ɗaya suna auren juna, abin da ake bukata bai wuce sanin juna da lambar waya ba, ta yadda in amai da gudawa ya ɓulla a gefe ɗaya, ɗaya gefen zai ji kafin ranar kasuwa.

Ga ɗaliban tarihi kuwa, ga aiki nan a gabanku. Fayilolin Lardin Sakkwato suna Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, akwai kuma Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Ku nemi rahotannin shekara-shekara na likitan lardi da kasafin baitulmalin Gwandu, ku duba layin da aka rubuta albashin leburorin tsabta, ku kwatanta shi da na ɗan doka da na masinja. Sa'an nan ku je Bagudo da Illo da Ka'oje ku zauna da tsofaffin duba-gari da leburorin da suka yi ritaya, ku tambaye su rijiyoyi nawa suka yashe a 2010 da 2020, da me suka yashe su, kuma wa ya biya su.